Yadda Ake Tsara Shirin Sufuri na Shekara 20 ga Jiha Kamar Kebbi

Hanyar kwalta da aka yi da kyau ana sa ran ta kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta buƙaci a sake ta, gada kuwa takan haura shekara 50 tana aiki, amma wa'adin gwamna shekara huɗu ne, idan ya yi tazarce ya cika takwas. Wannan bambanci shi ne dalilin da ya sa jiha take buƙatar rubutaccen shiri na sufuri mai dogon zango, wanda zai bayyana inda ake son mutane da kaya su iya kaiwa nan da shekara 20, da aikin da za a fara da shi, da kuma inda kuɗin zai fito. A Amurka dokar tarayya ta ɗora wa jihohi wannan aiki tun 1991, kuma a yau ana buƙatar shirin kowace jiha ya hango aƙalla shekara 20 gaba. Jihar Kebbi ma a 1991 aka ƙirƙiro ta daga tsohuwar Jihar Sakkwato, kuma ba sai ta jira umarni daga Abuja ba kafin ta yi wa kanta irin wannan tanadi. Na rubuta wannan bayani ne domin ma'aikatan ma'aikatar ayyuka da ta kasafi da tsare-tsare, da 'yan majalisar jiha, da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na manoma waɗanda za a nemi su ce wani abu idan aka zo yin aikin.

Fara da taswirar damina

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara da jerin sunayen hanyoyin da ake son ginawa. Abin da ya kamata ya zo farko shi ne sanin abin da ake da shi a ƙasa. A raba ma'aikata zuwa ƙananan hukumomi 21 na jihar, kowace tawaga da babur da wayar hannu mai nuna wuri a taswira, su bi kowace hanya daga farkonta zuwa ƙarshenta, suna rubuta tsawonta da faɗinta, da ko ta kwalta ce ko ta burji ko kuwa turba ce kawai, suna ɗaukar hoton kowace gada da kowane kwalbati. Haka kuma a rubuta mai hanyar, domin hanyoyin ƙasar nan kashi uku ne: na tarayya, irin babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Jega da Koko da Yawuri ta nufi Kwantagora, da na jiha, da na ƙananan hukumomi. Talaka ba ya bambanta su, kuma yana da gaskiya, amma mai tsara shiri dole ne ya bambanta, saboda ba zai yi alkawarin kuɗin jiha a kan hanyar da gyaranta ke wuyan ma'aikatar ayyuka ta tarayya da hukumar gyaran hanyoyin tarayya, wato FERMA, ba, sai dai ya rubuta ta cikin abubuwan da jiha za ta riƙa bibiya a Abuja.

Wannan zagaye sau biyu za a yi shi, ɗaya a watan Maris, ɗaya a ƙarshen Agusta ko cikin Satumba, kuma na biyun shi ne mai muhimmanci. A lokacin rani kusan kowace hanya tana biyuwa, ko da da ƙura da gargada. Da ruwa ya sauka, Gulbin Kabi ya cika, aka saki ruwa daga madatsar Goronyo ko ta Bakolori, Kwara kuma ta tumbatsa ta wajen Bagudo da Shanga da Yawuri, sai ainihin taswirar jihar ta fito: a ga ƙauyukan da suka koma tsibiri, da kwalbatocin da suka yi wa ruwa kaɗan, da wuraren da hanya ta zama madatsa ta tare ruwa ya koma gonakin mutane. Ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar ta kuma karya gadoji, ta bar shaidar da ya kamata a tattara tun masu tuna ta suna nan. A tambayi mai gari da sarkin ruwa da tsofaffin manoman fadama inda ruwa ya tsaya a shekarar, a sa alama a jikin gada ko itace, a auna tsayin. Injiniyan da zai zana sabon kwalbati ya fi buƙatar wannan awo a kan duk wani lissafi da zai yi a ofis.

Ƙidaya, da tambayar daga ina zuwa ina

Bayan an san hanyoyin sai a san masu binsu. A zaɓi wurare a kan manyan mahaɗu, irin su Jega da Koko da Kalgo da Dabai, da mashigan kan iyaka irin Kamba, a zaunar da masu ƙidaya kwana bakwai a jere, daga asuba zuwa almuru, a wasu wuraren har da dare, domin manyan motoci sun fi tafiya idan gari ya yi sanyi. Lallai ne makon ya haɗa da ranar kasuwar yankin, kuma a maimaita ƙidayar a lokacin kakar shinkafa da lokacin da albasa ke fita daga Aliero da Yawuri, in ba haka ba adadin zai yi ƙasa da gaskiya.

Takardar ƙidayar kada ta tsaya ga motoci. A ware gurbi ga babur, da keke mai ƙafa uku, da amalanke, da jaki, da raƙumi, da garken shanu, da masu tafiya a ƙasa. A ƙauyukanmu babur ne ke kai mai naƙuda asibiti, shi ne ke fitar da buhu biyu daga gona zuwa bakin titi, don haka shirin da bai ƙirga 'yan kabu-kabu ba ya manta da mafi yawan matafiya. Sannan a shiga tasha, da izinin shugabannin ƙungiyar direbobi, a yi wa direba tambayoyi huɗu gajeru: daga ina ya taso, ina za shi, me ya ɗauko, nawa ne kuɗin buhu. Amsar tambaya ta huɗu, idan aka kwatanta ta rani da ta damina, ita ce ke nuna asarar da lalacewar hanya ke jawo wa manomi a cikin naira.

Akwai abu ɗaya da ƙidaya ba ta nunawa sai an sa sikeli, wato nauyi. Gwajin hanyoyi da aka yi a Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa idan nauyin da ke kan gatarin mota ya ninka sau biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta takan ninka kusan sau 16. Ma'anar wannan ita ce tirela ɗaya da aka yi wa lodin da ya wuce ƙima ta fi dubban ƙananan motoci cin hanya. Duk hanyar da ke kai shanshera zuwa kamfanonin casar shinkafa na Argungu da Birnin Kebbi, ko ta kwaso kaya daga kan iyaka, dole a zana ta da sanin irin nauyin da za ta ɗauka, kuma shirin ya tanadi wuraren awon manyan motoci.

Hangen gaba

Ƙidayar 2006 ta ba Kebbi mutum miliyan 3 da kusan dubu 250. Al'ummar da ke ƙaruwa da kashi 3 cikin ɗari a shekara takan ninka cikin shekara 24 ko ƙasa da haka kaɗan, don haka duk shirin da aka yi wa mutanen yau kawai zai tarar da kusan ninkinsu lokacin da wa'adinsa ya cika. Sai dai hasashe ɗaya bai isa ba, domin shekarun baya-bayan nan sun nuna yadda abubuwa ke juyawa ba shiri. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufe iyakar Nijar a 2023 bayan juyin mulkin can, kuma jihar da ta yi iyaka da Nijar da Benin ita ce ke fara jin wannan a kasuwanninta. Cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 ya sauya kuɗin mota da yawan tafiye-tafiyen jama'a. Matsalar tsaro a masarautar Zuru ta sa wasu hanyoyi sun mutu, wasu kuma sun ɗauki nauyin da ba a yi su dominsa ba. Shawarata ita ce a rubuta yanayi uku, na bunƙasa da na tsaka-tsaki da na ƙunci, a gwada kowane babban aiki a kansu. Aikin da ya ci gaba da amfani a duka ukun shi ne za a sa a gaba.

Babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri, mai tsawon kilomita 1,068, wadda aka ƙaddamar da aikinta a 2024 kuma kilomita 258 daga cikinta ke ratsa Kebbi, aikin tarayya ce, amma amfaninta ga manomi ya dogara ne da ƙananan hanyoyin da jiha za ta haɗa da ita, da inda za a sa tashoshi da rumbunan ajiya. Batun jirgin ƙasa kuwa, gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar shiga harkar dogo, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin jiha ɗaya. Abin da za a iya yi yanzu, kuma ba shi da tsada, shi ne a tsayar da layin da ake fata a taswira a hana gini a kansa.

Manufofi kaɗan, kowace da adadi

Nan ne zuciyar aikin. Manufa irin ta "inganta sufuri domin ci gaban al'umma" ba ta ɗaure kowa, domin babu ranar da za a ce an cika ta ko an saɓa mata. Manufar da ke aiki ita ce mai ɗauke da adadin yau, da adadin da ake son kaiwa, da shekara, da sunan ofishin da za a tambaya. Biyar ko shida sun wadatar.

Ta farko a wurina ita ce ta isa ga hanya. Akwai ma'aunin da Bankin Duniya da Majalisar Ɗinkin Duniya ke amfani da shi: kashi nawa ne na mutanen karkara ke zaune a cikin tazarar kilomita 2 daga hanyar da ke biyuwa rani da damina. Taswirar Satumba ita ce za ta ba da adadin farko, daga nan sai a tsayar da inda ake son kai shi bayan shekara biyar, da goma, da ashirin. Ta biyu ta rayuka ce. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin rage mace-macen haɗarin hanya da rabi tsakanin 2021 da 2030, kuma jiha za ta iya ɗaukar irin wannan buri, ta haɗa alƙaluman hukumar kiyaye haɗurra da na 'yan sanda da na asibitoci, ta fitar da wuraren da haɗari ke maimaituwa, musamman inda kasuwa ta hau kan titi ko makaranta ke bakin babbar hanya. Ta uku ita ce lokacin da ake ɗauka daga gunduma mafi nisa zuwa babban asibiti mafi kusa a tsakiyar damina. Ta huɗu ita ce kason hanyoyin jiha da ke cikin hali mai kyau. Ta biyar kuma ta kogi ce, kuma zan ɗan tsaya a kanta.

A Yawuri da Ngaski da Shanga da Bagudo, har zuwa Dole Kaina, kogi hanya ne kamar yadda kwalta take hanya a Birnin Kebbi. Da jirgin ruwa ake zuwa kasuwa da biki da jana'iza, da shi ake haye wa daga Zamare zuwa Rofiya. Duk da haka da wuya a ga an ba shi babi na kansa idan ana zancen sufuri, sai an yi rashi. A watan Mayun 2021 jirgin da ya ɗauko mutum fiye da ɗari daga ɓangaren Jihar Neja ya nitse a kusa da Wara, aka rasa rayuka masu yawa, kuma ba shi ne na farko ba, ba shi ne na ƙarshe ba. Dalilan sanannu ne ga duk mai zama bakin ruwa: lodi fiye da ƙima, da tsufan katakon jirgi, da kututturan itatuwan da ke ƙarƙashin ruwa tun da tafkin Kainji ya mamaye yankin a ƙarshen shekarun 1960, da tafiyar dare, da rashin rigar kariya. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta tarayya, wato NIWA, ce ke da ikon doka a kan manyan hanyoyin ruwa, amma wannan bai hana jiha yin nata ba. A yi rajistar kowane jirgin fito da mai shi, a rubuta adadin mutanen da zai ɗauka a jikinsa da fenti yadda fasinja zai gani, a gina matsaya ta siminti a mashigan da suka fi cunkoso, a ajiye rigunan kariya a hannun sarkin ruwa da shugabannin masu fito, a kuma ware kuɗin share kututture a kowace shekara idan ruwa ya ja. Dokar da aka yi ba tare da Sarkawa da masu fito ba, ba za ta wuce bakin gaɓa ba, domin su ne ke wurin da asuba lokacin da babu jami'i ko ɗaya.

Kuɗin gyara kafin kuɗin sabon aiki

Rahoton Bankin Duniya na 1988 ya ƙiyasta cewa ƙasashe masu tasowa 85 sun yi asarar hanyoyi na kimanin dala biliyan 45 saboda rashin kulawa, alhali gyaran da bai kai dala biliyan 12 ba zai iya hana wannan asara. Dalilin a fili yake. Ruwa ne babban abokin gabar hanya, kuma kwalbatin da yashi ya toshe, wanda mutum biyar da shebur za su yashe a yini ɗaya a watan Mayu, shi ne zai sa hanya ta yanke a Agusta a koma neman ɗan kwangila. Saboda haka kafin a rubuta sabuwar hanya ko ɗaya, a lissafa abin da ake buƙata kowace shekara don riƙe waɗanda ake da su, wato yashe magudanai, da cike ramuka, da zuba sabon burji, da sabunta fuskar kwalta idan lokacinta ya yi. A cire wannan kuɗi daga abin da ake hasashen samu, abin da ya rage shi ne na sababbin ayyuka. Kowace sabuwar hanya kuma a rubuta kuɗin kulawarta na shekara-shekara a gefen kuɗin gininta, domin majalisa ta san nauyin da take ɗora wa masu zuwa.

Kuɗin gyara yana buƙatar asusu na kansa da doka ta kare, don kada a karkatar da shi idan wata buƙata ta taso. Kebbi na cikin jihohin da ke shirin RAAMP na hanyoyin karkara da kasuwannin amfanin gona, wanda Bankin Duniya da hukumar raya ƙasashe ta Faransa ke tallafa wa, kuma shirin ya nemi jihohi su kafa asusun hanyoyi da hukumar hanyoyin karkara. Shirin shekara 20 ya ginu a kan waɗannan, kada ya ƙirƙiro wasu. Haka nan hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya sa dole a zauna da shugabanninsu a rubuta wanda zai kula da wace hanya.

Zaɓen abin da za a fara

Buƙata za ta fi kuɗi yawa, kuma kowane gari yana da ɗansa a gwamnati. Maganin wannan shi ne a amince da ma'aunin zaɓe tun kafin a kawo sunayen hanyoyi: yawan mutanen da hanya za ta yi wa amfani, da watannin da take yankewa, da amfanin gonar da ke fita ta kanta, da asibiti ko makarantar da take kaiwa, da kuɗin kowane kilomita. A ba kowanne maki, a buga sakamakon kowa ya gani. Ba na cewa a kawar da kai daga daidaito tsakanin masarautun Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, domin jihar da wani ɓangarenta ke jin an manta da shi ba za ta riƙe shiri shekara 20 ba. A rubuta daidaiton a fili a matsayin ɗaya daga cikin ma'aunan, a faɗi nauyinsa, maimakon a shigo da shi ta bayan gida.

Kuma ba kowace hanya ce ke buƙatar kwalta ba. Hanyar da motoci kaɗan ke bi, abin da ke kashe ta sau da yawa wuri biyu ne ko uku inda rafi ya ratsa. Idan aka gina kwalbati mai ƙarfi a wuraren nan, aka ɗaga hanyar a inda take nutsewa, aka zuba burji, za ta biyu shekara duka da ɗan kaso na kuɗin kwalta, sauran kuɗin kuma ya buɗe wa wasu ƙauyuka hanya. A garuruwan da ke faɗaɗa, irin Birnin Kebbi da Jega da Argungu, a yi amfani da ikon da dokar filaye ta 1978 ta ba gwamna a keɓe filin hanyoyin kewaye da na tashoshi tun suna gonaki, a biya diyya ta gaskiya a kan lokaci. Burtali ma a sa shi a taswira, a nuna inda shanu za su tsallaka titi zuwa mashaya.

Jin ta bakin jama'a da ɗaure shirin da doka

Taron da aka yi a otal a babban birni, da Turanci, bayan an gama rubutu, ba shawara ba ce. A kai daftarin hedikwatar kowace masarauta, a karanta taƙaitaccensa da Hausa a rediyo, a samu masu fassara shi da Dakarci da Fulatanci da Zabarmanci inda ake buƙata. A yi zama na daban da mata, da masu buƙata ta musamman, domin su ne suka san tsayin matakalar mota da nisan tasha da hatsarin tsallaka titi da goyo. Duk shawarar da aka karɓa a rubuta ta, wadda aka ƙi kuma a faɗi dalili.

Daga nan majalisar zartarwa ta amince, majalisar dokoki ta mayar da shi doka mai sharuɗɗa uku: kowane aikin hanya da zai shiga kasafin shekara ya fito daga jerin ayyukan shekara uku zuwa biyar da aka ciro daga shirin, kwamishina ya kawo rahoton adadin kowace manufa gaban majalisa sau ɗaya a shekara, kuma a sabunta shirin duk bayan shekara biyar, yadda sabuwar gwamnati za ta iya sauya shi a fili ba tare da ta jefar da shi ba. Ko da an ɗauko ƙwararru daga waje, taswirori da alƙaluma su zauna a kwamfutar ma'aikata, a hannun ƙaramin sashe na dindindin, tare da haɗin gwiwar jami'ar jiha da ke Aliero da ta tarayya da ke Birnin Kebbi, inda ɗalibai za su iya maimaita ƙidayar kowace shekara.

Aikin gaba ɗaya yakan ɗauki wata 18 ko fiye, kuma yanayi ne ke tsara jadawalinsa. A kafa sashen a horar da masu zagaye a Janairu da Fabrairu, a yi zagayen rani a Maris, na damina a Satumba, ƙidayar kaka daga Nuwamba, a rubuta daftari a farkon shekara ta biyu, a zaga da shi masarautu kafin manoma su shiga gona, domin jerin ayyukan farko ya riski kasafin da gwamna zai gabatar wa majalisa a ƙarshen shekara ta biyun.